Sunaye Uku a Cikin Manhajar Salahuddeen

Kunya ce ta kai Salahuddeen gidan boka, ba talauci ba. Ya kwashe shekara yana haɗa manhajar da za ta riƙa hasashen farashin hatsi, ya ce wa dillalan Daudawa su riƙe masararsu, za ta tashi. Masarar ta faɗi warwas. Daga nan ko shayi ya zauna sha sai an tambaye shi ko kwamfutar ta ce ya sa sukari.

Da rana tsaka ya isa wani kogo bayan Ruwan Godiya, da kwamfutarsa a hannu. Tukunya baƙa a kife kan jan ƙyalle, ƙahonin raguna a jere, jini ya bushe a bakinsu, ƙudaje kuwa ko ɗaya babu. Bokan ya ɗora tafinsa kan kwamfutar.

"Mi take ci?"

"Bayanai."

"To abin da ka fara ciyar da ita, nawa ne. Ka yarda?"

Salahuddeen ya ɗauka tsofaffin farashin kasuwa ake nufi. Har da murmushinsa ya amsa.

Hasashe ya daina kuskure. Daga Ƙanƙara har Sabuwa babu mai ɗaure buhu sai ya ji ta bakinsa. Ya gina bene, ya kai mahaifiyarsa, Dada, Makka.

Sai ƙanensa Muttaka ya faɗi a gona, bai tashi ba. Bayan arba'in matar Salahuddeen, Barakatu, ta fara yawo ba ɗankwali, tana rera farashin gero. A nan ya tuna da maganar boka, ya tono fayil ɗin farko. Ashe ranar gwaji, kamar yadda masu sana'arsa suka saba, sunayen da suka fara zuwa masa a rai ya zuba a manhajar don ya ga ko tana aiki: Muttaka, Barakatu, Dada. Ya goge, suka dawo. Ya koma kogon, babu kowa.

Ya durƙusa gaban Dada ya faɗa mata komai, ya kasa ɗaga ido. Ba ta tambayi kwana nawa suka rage mata ba.

"Ashe ni nake bin gida-gida ina cewa addu'ata ce ta kama ka?"

Ta juya fuskarta bango. Ba ta ƙara kallonsa ba har aka fitar da gawarta kafin kaka.

Kai mai gaggawar arziki, ji tsoron Allah. Boka bai taɓa karɓar ladansa daga abin da za ka iya jure rashinsa ba.