Maƙalin Shanya Mai Allura Shida

"Tsaya! Don Allah kada ka kai masa wuta!"

Ubaidullahi ya razana, har ƙarfen narka dalma ya kusa suɓuce masa. Shekara biyar yana gyaran akwatunan injin ban ruwa na sola a shagonsa da ke Kalgo, ba a taɓa daka masa tsawa a kan aikinsa ba sai yau, kuma daga bakin wata siririyar budurwa mai farin gilashi da ta shigo sayen dalma.

"Malama, ƙwaƙwalwar ce ta rikice," in ji shi, yana nuna mata ɗan baƙin abu mai ƙafafu da ke manne a jikin allon injin. "Sai na cire ta da wuta, in ɗura mata manhaja, in mayar."

"In allon ya ƙone fa?"

"Sai haƙuri."

Ta girgiza kai, ta zuge jaka, ta fito da maƙalin shanya. Maƙalin shanya dai, irin na katako da mata ke danne zane da shi a kan igiya, sai dai an dasa wa bakinsa ƙananan allurai shida, wayoyi na bin bayansu. Ta nuna masa wasu ɗigo shida masu ruwan zinare a gefen allon, waɗanda ya daɗe yana gani yana zaton ado ne. Ta maƙala, kowace allura ta hau ɗigonta, ta jona da kwamfutarta, ta danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba koriyar fitilar allon ta kama.

Ubaidullahi ya saki baki. Aikin da kan ci masa rabin wuni, yana gumi yana addu'a, shi aka gama kafin shayinsa ya huce.

"Innalillahi! Mi kinka yi mai?"

"Magana na yi da ƙwaƙwalwar tana zaune a gidanta. Don haka maƙeran suka bar ɗigon nan." Ta yi murmushi. "Rufe bakin mana, kar ƙuda ya faɗa."

Sunanta Rumaisa, 'yar Gwandu, tana karatun lantarki a nan Kalgo. Ya nemi lambarta wai don ya riƙa tambaya a kan aiki. Tambayar aiki kuwa ba ta kai mako guda ba.

"Injiniyata, tun da kika maƙala abin nan a shagona, ni ma kaina bai koma daidai ba. Ko za ki zo ki duba?"

"Sarkin Wuta, naka gyaran sai an cire kan gaba ɗaya. Ka ci abinci kuwa?"

Haka suka yi wata bakwai. Ta koya masa ɗura manhaja, shi kuma da yake Allah ya ba shi hannu marar rawa, ya riƙa dasa mata allurai a miƙe sambal. Wata ranar Asabar ya tambaye ta yadda aka yi ta yi tunanin maƙalin. Nan take fara'arta ta ɗauke.

"Bara waccan wani mugun mai gyara ya ƙona allon injin Babana. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya aiko wai dama a ƙone aka kawo masa. Albasar gonarmu ta Kambaza ta bushe a tsaye, ranar na fara ganin hawayen Baba. Shi ne na yi alkawarin sai na samo hanyar da ba za a ƙara kai wa allo wuta ba."

"Allah ya isa!" in ji Ubaidullahi da zuciya ɗaya. "Irin su ke ɓata muna suna."

Bawan Allah, da ya san wanda yake ja wa Allah ya isa, da ya yi shiru.

Ranar da ya je Gwandu gaida mahaifinta, ya sha shadda ya sha turare. Malam Mamman ya karɓe shi hannu bibbiyu a zaure. Ana cikin gaisawa idon Ubaidullahi ya kai kan bango. Wani ƙonannen allo ne rataye a jikin ƙusa, a kusurwarsa akwai ɗigo uku na farin fenti. Duk allon da ya shiga shagonsa sai ya yi masa wannan alamar.

Ya tuna ranar sarai, yadda zafi ya yi yawa allon ya kumbura, da yadda kunya ta sa ya yi wa ɗan aiken ƙarya. Yana cikin haɗa kalmomin da zai faɗa sai aka yi sallama. Muzzammil ne, ɗan ƙanin Malam Mamman, mai sayar da injinan ban ruwa, wanda ya daɗe yana son Rumaisa tana kauce masa. Shi ne kuma ɗan aiken wancan lokacin.

Muzzammil ya dube shi, ya dubi bango, ya yi wata 'yar dariya.

"Baba, ashe ka san mutuminka? Ai wanga shi ne mai shagon Kalgo."

Malam Mamman ya juyo a hankali.

"Yaro, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba. Ni naƙ ƙona shi, kuma ƙarya niy yi da nac ce a ƙone anka kawo."

Aka ji faɗuwar faranti a bakin ƙofar cikin gida. Rumaisa ce tsaye, ruwan da ta kawo wa baƙo yana bin ƙafarta, ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Ƙona allo kuskure ne, kowa na yi," in ji Malam Mamman. "Amma wanda ka ƙona abu ya ce ba shi ne ba, ba ni ba shi ɗiyata. Tashi ka tahi."

Yana isa Kalgo ya rubuta mata: "Wallahi ban san na Baba ba ne sai yau. Amma ƙaryar tawa ce, ba ni da abin kare kaina. Ki yafe mani, Injiniyata."

Sai bayan kwana biyu amsa ta zo: "Wata bakwai ina tsine wa mutum a gabansa yana taya ni. Ban san ko kuka zan yi ba ko dariya. Baba ya hana ni magana da kai, kuma ba zan saɓa masa ba."

Daga nan shiru. Ubaidullahi ya rame, shayi ma ya daina yi masa daɗi. Yana sonta, ya kuma san shi ya ja wa kansa.

Cikin zafin bazara, wata tsohuwa ta sauka daga mota a ƙofar shagonsa tana fifita da bakin mayafi. Jidda ce, kakar Rumaisa.

"Kai ne maƙonin? To ni ba a hana ni magana da kowa ba."

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa takarda. Ba rubutu a ciki, sai shatin wasu ɗigo takwas da aka goga da fensir. Jidda ta yi masa bayani: sabon injin Malam Mamman ya fara mutuwa da zarar rana ta take, albasa kuma tana tsaka da ƙosawa. Rumaisa ta gano manhajar ce ke kashe shi in ya ji zafi kaɗan, har ta gyara ta, amma ɗigon wannan allon ƙanana ne ƙwarai, kuma a matse, maƙalinta bai hau ba. Sau uku tana gwada dasa allurai suna karkacewa. Muzzammil kuwa ya ce a yar da akwatin a jira sabo, mako uku.

"Mako ukku ko kunkuru ya ƙosa, balle albasa," in ji Jidda. "Ita dai ba ta ce in kawo maka ba. Ta dai aje takardar inda nika aje gorona."

Wuni guda ya yi a kan maƙali ɗaya, yana huda katako da allurar ɗinki, yana aunawa a kan takardar. Washegari da hantsi yana Kambaza.

Ya tarar da Malam Mamman da Rumaisa da Jidda da Muzzammil a gindin allunan sola, ganyen albasa ya fara langaɓewa. Malam Mamman na ganinsa ya miƙe.

"In da wuta cikin jakarka, koma inda ka hito."

Ubaidullahi ya durƙusa ya zazzage jakar a ƙasa. Maƙalin shanya ɗaya ne ya faɗo.

Muzzammil ya tuntsire da dariya. "Baba, shanya za ya yi muna?"

Rumaisa ta sunkuya. Ta ɗauki maƙalin ta duba alluran, takwas reras kamar haƙoran mataji, idonta ya ciko. Ta dubi mahaifinta. Dattijon ya dubi albasarsa, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

Sai dai ga wata sabuwa. Akwatin a kafe yake a jikin ƙarfe, wurin ya matse, maƙalin na zamewa, dole wani ya danne shi da yatsa har a gama. Ubaidullahi ya kai hannu, sai ga hannun nan da bai taɓa rawa ba yana karkarwa kamar na mai zazzaɓi.

"Kauce," in ji Malam Mamman. Ya sa babban yatsansa mai kanta ya danne. "Haka?"

"Haka, Baba. Kada ka motsa."

Rumaisa ta danna. Layi ya fara tafiya a fuskar kwamfuta. Fitila ta kama. Injin ya yi gurnani, tiyo ya yi tari sau biyu, sai ga ruwa ya yi tsalle ya faɗa kwalbati, rana na tsakar ka.

"La'ilaha illallahu!" Malam Mamman ya ja da baya yana kallon yatsansa. "Da maƙalin shanya? Ni da kaina?"

Suka zauna har la'asar, injin bai ko yi tari ba. Muzzammil dai tun azahar ya tuna yana da wani uzuri a gari.

Da za su tashi, dattijon ya kira Ubaidullahi gefe.

"Ran da kaz zo gidana kana iya musu, ka ce Muzzammil ƙage ya yi maka. Ba ka yi ba. Na daɗe ina tunanin wannan." Ya gyara hula. "Ka turo manyanka."

Ubaidullahi ya zauna daɓas a kan kunyar albasa, cikin laka, da shaddarsa. Jidda ta rangaɗa guɗa har makiyayan da ke nesa suka waiwayo.

Kafin ya kai titi saƙo ya shigo: "Sarkin Wuta, na yafe. Amma sunan nan ka riƙe shi har tsufa."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure a Gwandu. Da jama'a suka watse, Malam Mamman ya shiga zaure ya ciro ƙonannen allon daga jikin ƙusa, ya damƙa wa angon.

"Rataye shi a shagonka, inda idonka ka ganin shi kullum. Ɗiyata kuma ga ta nan, ka riƙe ta da gaskiya ko da ta yi ɗaci. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

"Amin, Baba," in ji Ubaidullahi.

Maƙalin mai allura takwas kuwa, har yau yana aljihun gaban rigar Malam Mamman. Ya ce ko Rumaisa ce ke so, sai dai ta zo aro.