Azarar Ɗakin Balkisa

Balkisa na tankaɗen gari a tsakar gida ta ji amalanken jaki ya tsaya a ƙofa. Ko ba a faɗa mata ba ta san mahaifinta ne, Malam Magagi. Labari ya riga ya kai ƙauyensu na Kurfai: ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, sun shafa jan fenti a bangayen unguwarsu ta bayan garin Filinge, gobe katafila za ta rushe komai. Mijinta Hamani ya sayi filin ne da shaidar dattawa da rabon goro, kamar kowa a unguwar, ba wanda ya kawo zancen takarda a ransa.

"Tattara kayanki mu tahi!" in ji tsohon, ko tabarma bai kalla ba. "Ɗiyata ba ta kwana bisa hanya kamar marar dangi. Wanga da ya kasa riƙe ɗaki guda, shi sawwaƙe miki!"

Hamani ya sunkuyar da kai don kunyar suruki. Balkisa ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, randa aka kawo ni ɗakin ga kai kac ce in yi haƙuri, da daɗi da wuya. Daɗin na sha. Yau wuya ta zo, sai in gudu?"

"Ke! Ni kike maida ma magana?"

"Wallahi a'a, Baba. Yinin ga kaɗai nika roƙo."

Ta miƙe, ta ci ɗamara, ta ɗauki galma, ta hau tsani. Mace a kan rufin soro! Maƙwabta suka saki baki. Ita kuwa ta san abin da take yi: katafila ba ta tsayawa tsintar kaya, alhali mai azarar giginya yana da ɗaki duk inda ya sauka. Ta fara sarar rufin da hannunta, Hamani ya hau ya tarar da ita. Kafin azahar, maƙwabtan da suka wayi gari da tagumi duk sun haye nasu rufin.

Malam Magagi na zaune a gefe, wai shi ba kallo yake ba. Sai babbar azara ta suɓuce ta nufo Balkisa. Hamani ya tara kafaɗarsa, ta sauka a kai, jini ya ɓata masa riga.

Tsohon ya zabura, ya yar da rawani.

"Kai, sakarkaru! Haka nan aka sabke azara? Miƙo min bakin nan!"

Haka suka yi ta saukewa su uku har la'asar. Da suka gama, ya karkaɗe gemu, ya dubi Hamani sama da ƙasa.

"Akwai wuri gehen gonata, ku kahwa can. Ba don kai ba hwa, iccen ga nika tausai."

Balkisa ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ba ta taɓa jin alfahari da mazan nan biyu kamar ranar ba. Washegari katafila ta zo da rurinta, ta tarar da bangaye tsirara.

To 'yan mata, ku riƙe wannan: hukuma na iya rushe ɗaki, amma auren da aka yi haƙuri aka tsaya masa, ko uban da ya zo raba shi sai ya kama muku aikin gini.