Ƙusar da Deraman Ya Kafa

Ruwa ya kwana huɗu yana zuba a ƙauyen da ke bakin kogin Kelantan ranar da abin ya fara. Duhu ya shigo tun kafin lokacinsa, kamar yadda yake yi a watan Disamba, tsakiyar daminar ƙasar. Esah tana kicin tana soya kifi. Mijinta Deraman yana zaune gaban tsohuwar kwamfutarsa a tsakar ɗaki, yana buga sanarwar masallaci, yana tsaki.

Maus ne ya dame shi, irin marar wayar nan. Mako uku ke nan yana ba shi wahala. Sai yana cikin aiki kibiyar da ke kan allo ta tsaya cik, ya jijjiga, ya buga a tebur, can ta farka ta yi tsalle ta tafi inda ba a aike ta ba. 'Yarsu Suriati ce ta san kan na'ura. Ita ta sa wa kwamfutar manhajar Linux da tsufa ya kama ta, ita kuma ta ɗauki jinyar maus ɗin. Ta sake batir. Ta shimfiɗa takarda a kan gilashin tebur. Ta cire 'yar risibar da ke karɓar saƙon maus ta soka ta a wani ramin. Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta wa na'ura umarni, ta ga risibar tana yankewa tana dawowa, sai ta kashe tsarin tsimin wuta da ke sa ta barci. Abin ya yi sauƙi kwana biyu, ya dawo.

"Abah, risibar ce ke shan wahala," ta ce wa uban. "Tana ƙarƙashin tebur, bayan akwatin ƙarfe. Ko kai aka cusa can ba za ka ji kira ba."

"Ni ko a sarari ba na jin kiran uwarki."

Ta sayo doguwar waya, ta ɗora risibar a bakinta, ta manna wayar da salatif a jikin ginshiƙin da ke kusa da tebur, inda risiba za ta riƙa kallon maus. Nan take ya miƙe. Amma iskar damina jiƙe take, salatif ba ya kamawa. Kullum da safe sai a tarar da wayar a ƙasa.

Wannan ginshiƙi shi ne uban ginshiƙan gidan, wanda aka fara kafawa, mai ƙyalle baƙi da fari da ja a ɗaure a kansa. Gidan na mahaifin Esah ne, Deraman shigowa ya yi. Kowa ya san ba a kafa ƙusa a jikin wannan itace, ba a sare shi, ba a jingina masa ƙazanta. Deraman ma ya sani. Amma ranar da Esah da Suriati suka tafi barkar haihuwa, ya gaji da sunkuyawa, ya samo 'yar ƙusa ya buga ta sau uku, ya lanƙwasa kanta a kan wayar, ya rufe da baƙin salatif. Bai gaya wa kowa ba.

To, a wannan yammacin, yana cikin tsaki, ya ɗauke hannu daga kan maus don ya sha shayi. Kibiyar ta ci gaba da tafiya. A hankali take jan jiki, kamar mai ciwon ƙafa, har ta kai kusurwar sama ta dama ta tsaya. Ya dawo da ita tsakiya. Ta sake kama hanya.

"Su, zo ki ga abinki."

Suriati ta zo tana goge hannu. Ta juya maus ta zare batir ta ajiye a tebur. Kibiya ba ta fasa ba. Ta miƙa hannu ta cire risibar daga bakin wayar, yatsunta suka taɓa ginshiƙin. Aka soma kiran sallar magariba daga nesa, muryar tana zuwa tana ɓacewa cikin ruwa. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Na biyu ya faɗo, ya gangara har baki, ba a ji saukarsa ba. Gidan a kan dogayen ƙafafu yake, ruwa ya riga ya shanye farfajiya, ba inda mutum zai tsaya ya yi jifa. Esah ta fito da cokali a hannu tana salati. Suriati tana tsaye inda take, hannunta na dama a dunƙule, tana kallon itacen.

"Su," in ji uwar. "Su, lafiya?"

Ta zauna a gindin ginshiƙin, ta jingina kanta.

Haka ta kwana, haka ta wuni. Ba ta ci, sai ruwa in an ɗura mata. Hannun ya ƙi buɗuwa, Esah ta shafa man kwakwa ta murza har ta gaji. Da rana gidan shiru, ba a jin komai sai ruwa a kan kwano da ruwa a ƙarƙashin daɓe. Da rana ta yi sanyi kuwa sai jifa ya dawo, sai kuma wani nishi daga cikin itacen, irin na tsohon da ya daɗe a tsugune. Deraman ya kashe kwamfuta ya rufe ta da zane. Yana wucewa ta gaban baƙin salatif ɗin sau ashirin a yini, yana kau da kai.

Rana ta uku ruwa ya hau matakala ta biyar. Jirgin masu ceto ya zo yana kwashe mutane zuwa makaranta. Iyayen suka ɗaure kaya, Deraman ya ɗauki 'yarsa a kafaɗa, ba ta da nauyi. Yana isa bakin ƙofa ta yi nauyin da ya durƙusar da shi. Maza biyu suka hawo suka kama, suka ɗaga, amma ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Ta yi wani kuka da ba nata ba, hancinta ya fashe da jini. Da suka janye ta baya, jinin ya tsaya.

"Pak Cik, akwai gidaje tara a gabanmu," shugaban jirgin ya ce wa Deraman, yana kiransa kawu don girmamawa, idonsa a ƙasa. "Ku biyu ku zo."

"Ku tafi," in ji Esah. "Amma ku biya ku gaya wa malamin ƙauyen nan, Tok Semail."

Suka tsaya a baranda suna kallon jirgin har ya shige bayan itatuwan roba. Gidajen maƙwabta duk a rufe. Kaji sun hau rufin rumbu sun takure. Babu hanya, babu gona, ruwa ne ja ko'ina, yana tafe da rassa da robobi.

"Abang," in ji Esah, yadda take kiran mijinta, ba ta dube shi ba, "ba abin da aka taɓa a gidan nan?"

"Me za a taɓa?"

Tok Semail bai iso ba sai washegari da la'asar, shi kaɗai a kwalekwale, yana tuƙi da sanda. Tsoho ne ƙanƙane, ya yi shekara arba'in yana karantar da littattafai. Ya ɗaure kwalekwalen a matakala ta bakwai, saura biyu ruwa ya kai daɓe. Ya hawo ya zauna, ya nemi shayi, ya sha. Sannan ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya murje ganyen magarya bakwai a ciki. Ya tambayi yadda aka fara. Deraman ya ba shi labarin batir da risiba da doguwar waya, ya tsallake abu ɗaya.

Tok ya matsa kusa da yarinyar ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Haske yana ta raguwa. Ya kai rabin sa'a yana yi kafin jifa ya fara, kuma wannan karon kamar ana juye tsakuwa daga kwando. Ya yayyafa mata ruwan. Suriati ta ɗago kai, ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito.

"Semail, ka rage. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Wanda ya riga kakan yarinyar nan zama a itacen nan. Tun yana daji nake ciki. Da suka sare shi sun nemi izini, na biyo shi."

"To me ya kai ka jikin 'yar mutane?"

"Ina zan je? An kafe mini hannu. Ba na iya komawa ciki, ba na iya fita. Na ja 'yar kibiyarsu ina nuna musu wurin, su kuwa sai zare batir suka yi. Ita ta taɓa, ita na kama. Inda aka tsare ni, nan za ta tsaya."

"Wa ya kafe ka?"

Muryar ta yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Mai abin yana ji. Ba ni zan faɗa ba."

Tok Semail bai waiwaya ba. "Me kake so ka sake ta?"

"Baƙar akuya, a yanka a gindin ginshiƙi."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ka san wannan kafin a haife ni."

"To a bar mini hannun nan. Hannu a bakin hannu. Ta tafi da sauran."

Esah ta toshe baki da gyale. Tok ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu, yarinyar ta gantsare tana bugun daɓe da dugadugai, har muryar ta ce ya isa, ya isa.

"Ba akuya, ba hannu," in ji Tok. "Ita ba ta yi maka komai ba. Faɗi abin da yake haƙƙinka."

Yarinyar ta daina bugun daɓe. Jifan ma ya tsaya.

"Wanda ya kafa ya faɗa da bakinsa, ya cire da hannunsa. In ya cire zan tafi, ba kuma zan dawo gidan da ake yi mini haka ba. Amma ku ji. Shekara sittin ruwa bai taɓa hawa daɓen nan ba. Kuna tsammanin tsayin ƙafafun gida ne?"

"Allah ke tsare gida, ba kai ba."

"Haka ne. Ku zauna ku gani."

Ana jin ruwa yana lasar katako a ƙasa. Deraman yana tsaye jikin bango. Ya dubi matarsa, wadda a ɗakin nan aka haife ta, a nan aka yi wa ubanta wanka. Ya dubi 'yarsa, leɓunanta sun tsage, idonta a buɗe amma ba ita ce a ciki ba.

"Ni ne," in ji shi.

Esah ta ɗago kai ta dube shi.

"Ni na kafa ƙusa. Ranar da kuka je barka. Wayar ce ke ta faɗuwa." Ya juya wajen matarsa. "Esah, kin tambaye ni, na yi miki ƙarya."

"Ka ji surukin gida," in ji muryar. "An ba shi wurin kwana, ya zo da guduma."

Deraman ya ɗauko filaya daga aljihun tebur. Ya ɓare baƙin salatif ɗin, ƙusar ta bayyana, 'yar ƙarama, ba ta kai gaɓar yatsa ba. Ya kama ya ja, filaya ta suɓuce. Ya sake, ta sake suɓucewa.

"Da hannunsa na ce."

Ya yar da filayar. Ya sa yatsu ya kama lanƙwasasshen kan, ya yi bisimilla, ya ja. Ƙarfen ya shige masa nama. Ya tokare ginshiƙin da ƙafa, ya ci gaba da ja, jini yana bin gwiwar hannunsa, Tok Semail yana karatu a bayansa. Ƙusar ta taho kaɗan kaɗan, da zafi kamar an ciro ta daga wuta. Da ta fita, Suriati ta ja dogon numfashi, hannunta ya buɗe, 'yar risibar ta faɗo ta gangara. Wata iska ta bi ta tsakiyar ɗakin ta fita ta ƙofa, ƙyallayen kan ginshiƙi suka motsa sau ɗaya suka kwanta.

"Mek," in ji Suriati, da muryarta, tana kiran uwarta. "Mek, yunwa nake ji."

Esah ta rungume ta tana kuka. Ba su daɗe a haka ba Tok Semail ya taɓa kafaɗarta ya nuna ƙasa. Ruwa ne ke fitowa ta tsakanin katakan daɓe, shiru, layi layi, har ya jiƙa gefen tabarma.

"Ku ɗauki abin da hannu zai ɗauka," in ji shi. "Kwalekwalena mutum huɗu yake ci, ban da kaya."

Esah ta ɗauki Alƙur'anin ubanta da ƙullin takardu. Deraman bai ɗauki komai ba. Ya tallafi 'yarsa har bakin ƙofa, nan ya tsaya, ƙafarsa ta ƙi gaba. Suriati ta dube shi da mamaki, ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa, ta sauka cikin kwalekwale.

Tok ya kwance igiya ya tura. Esah ta zauna ta juya wa mijinta baya, tana kallon gidan, ruwa yana shiga ta ƙofar da suka bari a buɗe. Haka ta zauna har gidan ya soma ɓacewa cikin duhun magariba. Sannan ta yage bakin gyalenta ta miƙa baya, ba tare da ta juyo ba.

"Abah, me ya sami hannunka?" in ji Suriati.

Deraman ya karɓi ƙyallen ya fara naɗewa.

"Bari mu kai tudu," in ji shi. "Ni zan gaya miki da bakina."