Ɗan Zangon Kwatano

A ɗakin taron jami'a, can gabashin Greensboro ta Amurka, Kader ya fara ganin Dalila a shekarar 2006. Tarihi take karantawa, ranar kuma ta baje tsofaffin hotunan Kwatano ta ƙasar Benin: gadar ƙarfen da Faransawa suka miƙa cikin teku, da 'yan dako ɗauke da buhuna.

Ya daɗe yana kallo.

"Ka san garin ne?" ta tambaye shi.

"A'a, ni ɗan Yamai ne."

Ƙarya ya yi. A Zangon Kwatano aka haife shi, kakansa da mahaifinsa duk dako suka yi a tashar jiragen ruwa.

Soyayya ta ƙullu. In ya tashi daga aikin sito a titin Wendover, saƙonta na jiransa: "Nurina, ka ci abinci? Yau na karanta yadda aka tilasta wa mutane aiki a bakin tekun Kwatano, har na yi kuka."

Da ya je gaida mahaifinta, Alhaji Seydou, ya ce babansa ɗan kasuwa ne a Yamai. Abdoul Razak, abokin takararsa wajen neman Dalila, ya bincika ya tona asirin. Alhaji ya hana Kader zuwa gidan.

Kunya ta hana shi shiga mutane. Ya rubuta mata: "Ban cancance ki ba. Ki yafe mini."

Ta amsa: "Na daɗe ina neman sunayen waɗanda suka gina Kwatano, ashe naka ne, ka ɓoye mini. Zo ka faɗa wa Baba da bakinka."

Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, kansa a ƙasa.

"Baba, sunan mahaifina Husaini, ɗan dako. Da guminsa na yi karatu, kuma na ji kunyarsa."

Alhaji ya dube shi ya ce:

"Ba talauci na ƙi ba. Wanda ya ɓoye ubansa, wata rana zai iya ɓoye 'yata. Kira shi in ji muryarsa."

Kader ya buga wayar. Alhaji ya karɓa.

"Malam Husaini, ɗanka ne a gabana, yana neman 'yata. Da kai zan yi maganar."

Bayan babbar sallah aka ɗaura auren. Aka kara wayar a lasifika, Malam Husaini ya sa musu albarka daga Kwatano. Dalila ta riƙe hannun angonta, duk ɗakin ya amsa da amin.