Larabar Turanci

Inna ta shigo gida ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta cire mayafi ta wurga kan igiyar shanya. Auta, ɗanta kafinta, yana tsakar gida yana goge ƙafar wata kujera. Ya ɗago yana murmushi, don ya san daga inda take. Makarantar kwana ta 'yan mata masu haddar Alƙur'ani ta je, don ta ga malamar Turancin da yake son aura, wadda ya haɗu da ita ranar da ya kai musu bencina.

"Inna, kin gan ta?"

"Na ga abin da ya ishe ni! A bakin ƙofa yara uku suka tare ni. Na ce ina Malama, sai Turanci. Na ce 'yan nan ba na ji, sai Turanci dai, suna kallon juna suna sunne kai. Ni za a mayar abin dariya da furfurata? In ɗalibanta ke nan, ita kuma fa? A bar maganar auren nan!"

"Haba Inna, filis..."

"Ka ji ko! Har kai ta fara koya wa."

Abin da Inna ba ta sani ba, ranar da ta je Laraba ce. Malama da kanta ta kafa dokar: duk Laraba, daga safe zuwa la'asar, ba a magana a makarantar sai da Turanci. Wadda ta yi Hausa a rataya mata ɗan katako a wuya, ta share farfajiya. Katakon ma, don abin haushi, Auta ne ya sassaƙa shi. Dokar ta yi aiki, don yaran da a da ko sunansu ba sa iya faɗa yanzu suna tsayawa gaban taro su yi bayanin hadisi da Turanci. Sai dai ba wanda ya tuna da baƙi, tunda Lahadi ake ziyara.

Da Auta ya kira ta a waya ya faɗa mata, Malama ta yi kuka sosai, don tana son sa, kuma ta san ba zai tsallake maganar uwarsa ba. Ya ce zai yi wa Inna bayanin dokar.

"A'a," in ji ta. "Bayani ba ya goge wulaƙanci. Laifina ne, ni zan je."

Sau biyu tana zuwa, Inna tana cewa a ce ba ta nan, alhali ana jiyo tarinta daga ɗaki. Malama takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaida labule, ta tashi ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta kai ƙara wurin Auta ba.

A zuwa na uku, ranar Asabar, ta zo da yaran nan uku cikin fararen hijabai. Inna tana wanke-wanke a tsakar gida, babu wurin ɓuya. Yaran suka zube gabanta, ƙaramarsu ta fashe da kuka.

"Inna, sori... au, ki yafe mana! Wallahi ba dariya muke miki ba, kunya ce ta kama mu. Katako muka ji tsoro."

"Wane katako kuma?"

Babbarsu ta yi mata bayani, ta ƙara da cewa, "Washegari Malama ta tara makaranta duka, ta ce ita ce mai laifi, don ta koya mana harshe ba ta koya mana inda ake ajiye shi ba. Ta rataya katakon a wuyanta, ta yi mako guda tana sharar farfajiya. Mun roƙe ta ta ba mu tsintsiyar, ta ƙi. Yanzu an gyara doka, in babba ko baƙo ya zo, da harshensa za a karɓe shi."

Inna ta dubi Malama, wadda kanta ke ƙasa. Ta ajiye kwanon da take wankewa, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"'Yar nan, bari in faɗa miki gaskiya. Ni ban taɓa shiga aji ba. Da yaran nan ke magana sai na ji kamar ba ni a wurin. Na ce ashe haka zan zauna gidan ɗana, jikokina na hira a kaina ina raba ido."

Malama ta matso ta kama jiƙaƙƙen hannun, hawaye na zuba.

"Inna, Turanci aikina ne, kuma zan koya musu shi har su fi ni. Amma na yi miki alkawari, da Hausa za su fara kiran ki, kuma a cinyarki za su koye ta."

Inna ta share ido da gefen zani, ta ɗaga murya wajen zaure, inda Auta ya laɓe tun ɗazu yana riƙe da guduma kamar mai aiki.

"Kai, fito, na gan ka! Je ka gaya wa kawunka ya shirya zuwa gidan su Malama."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma ilimi kowane iri ne, sai an haɗa shi da ladabi yake shiga gidan mutane a yi masa shimfiɗa.