Makaɗin da Aka Ce wa Sake

"Mama, me ya sa baƙon Baba ba shi da inuwa?"

Magariba ce, ina wanke wa Auta hannu. Mu kuwa ba mu yi baƙo ba.

Baban Auta ne ya soke wasan bin kiɗa na waya da kamfaninsu ke haɗawa, bayan sun sa wani tsohon makaɗi maimaitawa har yatsunsa suka shanye, ya rasu. Kwafin wasan ya rage a wayar Baban Auta, Auta na bugawa.

Na leƙa falo. Baban Auta yana kaɗa tebur yana hawaye, yatsu duk jini.

"Sake, ranka ya daɗe," in ji wata busasshiyar murya. "Ba haka kake ce min ba?"

Sai yatsun Auta suka fara kiɗa cikin tafina.

'Yar'uwa, aikin da aka binne da haƙƙin wani, kada ki bar ɗanki ya taɓa.