Mai Tausa a Gaɓar Zanzibar

Ni da ƙawata Akello muka bar Kampala muka tafi hutu Zanzibar, mu sha iska. A kwana na uku, da tsakar rana, ruwa ya janye can nesa, bakin teku ba kowa sai mu biyu. Sai ga wata mata lulluɓe da zane, riƙe da kwalbar mai.

"'Yan mata, a yi tausa?" in ji ta. Muryarta can ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Warin ruɓaɓɓen kifi ya buge ni. Na ce wa Akello, "Don Allah tashi mu koma ɗaki."

"Namubiru, ƙyanƙyaminki ya yi yawa. Ni hutu na zo," ta ce, ta kwanta rub da ciki.

Matar ta durƙusa ta fara murza mata baya. Abin da ta tsiyayo daga kwalbar wani koren ruwa ne mai yauƙi. Yatsunta sun kumbura, sun yi fari fat, duk inda ta shafa sai fatar hannunta ta saluɓe ta manne a bayan Akello. Wata 'yar ƙaguwa ta fito daga cikin zanenta, ta gangaro ta damtsenta. Na ja da baya.

"Hannunta sanyi, daɗi," in ji Akello. "Zo ki ji."

Na kama ƙafar Akello zan janye ta, na ji ta yi sanyi ƙalau. Ta ɗago kai ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ruwan teku da yashi suka bulbulo.